Noti na Huɗu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Anti da yaran nan biyu da har yau ban taɓa gani ba sai a hoto. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki a kan wannan aiki naka na tsayuwa, ya raba ka da ciwon bayan da ka ce yana damun ka, ya sa sanyin ƙasarku ya zo muku da sauƙi bana. Mu nan muna nan yadda ka sani. An mayar da Baban yara reshen da ke kusa da gida, saboda haka yanzu yana dawowa da wuri yana taya ni juya Baba. Babbar 'yata ta fara zama da ni a shago tana koyon ɗinki, ta riga ta karya min allurai fiye da yadda ta ɗinka riguna, amma hannun zai faɗa. Gwaggo tana zuwa kusan kullum, ta zauna a bakin gadon ƙanenta ta yi masa faɗa a kan rashin cin abinci, ta fito kicin ta yi kuka, ta wanke fuska ta koma ta ci gaba da faɗan.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna alhali ko shekaranjiya mun yi waya. Gadon Baba yana jikin bangon ɗakina ne, kuma ka san kunnensa. Ido ya tafi, ƙafa ta tafi, amma in cokali ya faɗi a kicin zai gaya maka na shayi ne ko na miya. Babu abin da zan faɗa a waya bai ji ba. Sannan kai ma ba ka zama a waya. Kullum kana kan hanyar shiga jirgin ƙasa ko kana fitowa, ka tambayi jiki, ka ce Allah ya ƙara sauƙi, shi ke nan layi ya mutu. Ba banza Baba ya sa maka Gaggawa ba. To takarda dai ba a kashe ta. Ka nemi wuri ka zauna, don maganar tana da tsawo kuma ba ta da daɗi.

Ga gaskiyar jikin Baba, ba wadda nake gaya maka a gabansa ba. Aikin da aka yi masa a ƙugu bai kama yadda ake so ba, kuma kwanciyar ta taɓa masa ƙirji. Yana tari, numfashinsa yana fita da ƙara, ƙafafunsa sun kumbura har safa ba ta shiga. Likitan da ya sallame mu ya ja ni gefe a barandar asibiti ya ce zuciyar ta gaji, in akwai na nesa da ake so ya gani to a sanar da shi. Na ce masa akwai, amma takardunsa ba su ba shi damar fita ya koma ba. Ban kawo maka wannan don in ce ka zo ba, na san ba za ka iya ba. Ka san Baba ya faɗi a matakalar saman bene. Abin da ba ka sani ba shi ne abin da ya kai shi can, kuma shi nake so ka ji daga farko.

Shekaru sun yi nisa, bari in tuna maka ɗakin nan na ƙarshen baranda. Yana nan yadda ka bar shi: doguwar ƙofar da ya ɗora a kan durowa biyu ta zama tebur, fitila mai wuya, gilashin ƙara girma, gwangwanayen madara cike da ƙananan kaya, ga warin dalma da ya kama labule har marigayiya Umma ta haƙura da wanke shi. Tun da ya ajiye aiki a kamfanin lantarki babu abin da yake yi sai haɗa ƙananan rediyoyin nan masu aikawa da karɓa, waɗanda ake magana da su ta ƙwanƙwasa madanni, gajere da dogo. Kuma ka tuna ƙa'idarsu shi da abokansa. Ba sa haɗa ɗaya, sai tagwaye. Mutum ya haɗa nasa, ya zuba kayan ɗayan a kwali, da allo da waya da zanen yadda ake yi, ya ba wanda yake so ya ja cikin harkar, shi kuma ya haɗa da hannunsa. Dukansu biyu an sa musu ɗan dutsen nan da ke tsayar da rediyo a zango ɗaya, don su riƙa samun juna. Kuma wanda ya bayar ba ya ɗaure murfin nasa. Murfin yana zaune a kai haka nan, notuna huɗun suna cikin ɗan gwangwani, sai ranar da ya ji ɗan'uwan ya amsa daga can, sannan ya ɗaure. Muna yara mun sha ganin ranar ɗaurin murfi, ranar ce kaɗai Baba yake sayo lemon kwalba ba tare da an roƙe shi ba.

Da ka rubuto a shekararka ta farko cewa ka zauna jarrabawa ka samu lasisi da lambar kira a can, Baba ya bi gidajen abokansa ɗaya bayan ɗaya yana karanta musu lambar. Daga nan ya fara tara kayan tagwayenku. Bai yi sauri ba, don lokacin ido ya fara ba shi matsala. Naɗin wayar nan da ake yi a jikin ɗan zobe, wanda da yake yi yana hira, sai da na riƙa zama ina ƙirga masa zagayen da baki. Kowane ƙanƙanin abu sai ya gwada shi a mita kafin ya sa a leda, ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Ni na kai kwalin gidan waya bara, ya bi ni har bakin titi yana ce min kada in bari su jefa shi.

Kai ka fi ni sanin abin da ya biyo baya. Ya yi ta tambayar ka a waya ko ya iso, ka ce ya iso. Ya yi ta tambayar ko ka fara, ka ce sai ka samu hutu. Ina zaune ina guga ranar da ka ce masa ka gama. Na ji da kunnena, don ya sa wayar a lasifika. Ya tambaye ka ko ƙaramar fitilar tana kamawa in ka danna, ka ce tana kamawa. Ya tambaye ka abin da mita ta nuna a ƙafar taransiston ƙarshe, ka faɗi lamba, kuma lambar daidai ce, don a gefen teburin nan ka girma, ka san amsar da yake so. Ka ce ka ɗaura eriya a tagar ɗakinka, kana kiran sa duk safiyarmu, lokacin da kake dawowa daga aiki. Ya ajiye wayar yana dariya har da tari. Ya ce min Gaggawa ya yi abin kai, saura shi.

Washegari bayan shayi ya shiga ɗakin ya sa abin kunne ya zauna. Ya kira, ya saurara, ya sake kira. Babu komai sai shuu ɗin iska. Ya fito da fara'arsa ya ce sararin sama ne bai buɗe ba, gobe ma rana ce. Haka aka yi mako guda, aka shiga na biyu. A nan ne ɗaya ƙa'idar tasu ta shigo, wadda ya dasa mana a kai tun muna ƙanana har ta ishe mu: ba ka ɗora wa na can laifi sai ka gama wanke teburinka. In ba ka ji mutum ba, to laifin yana wurinka har sai ka tabbatar ba ya nan. Ni a da ina ganin wannan magana ce mai kyau, har ina gaya wa yarana in sun yi faɗa. Ban taɓa tunanin za ta iya cin mutum ba.

Ya fara da batir, ya canza. Ya canza abin kunne. Ya bi kowane liƙi da gilashi, ya sake narka wanda bai yi masa sheƙi ba. Ya cire ƙananan kayan nan da ake kira kwandansa ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa yana mayarwa. Ya warware naɗin wayar da muka yi tare ya ce wataƙila ni na yi kuskuren ƙirga, muka sake, ya kuma warwarewa ya ce wataƙila shi ne ya tsallake. Yaya, rediyon nan lafiyarsa ƙalau ranar da aka fara. Da hannunsa ya yi ta ƙona shi har jan ƙarfen da ke jikin allon ya fara ɗagowa. Yatsunsa duk tabon ƙuna ne, don ba ya ganin bakin ƙarfen liƙin sai ya ji shi a fata. Akwai ranar da na shiga na tarar da hannun rigarsa yana hayaƙi bai sani ba. Na ƙwace ƙarfen na ɓoye a cikin keken ɗinkina, ya yi kwana biyu bai yi min magana ba, na uku na dawo masa da abinsa don ba zan iya da shirun ba.

Duk ranar Lahadi kuma sai ka bugo, ya tambaye ka ko kana kira, ka ce kana kira. Shi kuma ya ba ka haƙuri. Wannan ne abin da ya fi ci min rai in na tuna. Tsoho yana ba ka haƙuri, yana cewa ka ƙara masa lokaci, ya kusa gano matsalar, kada ka gaji ka daina. Kai kuma ka ce babu komai Baba, a hankali. Na tabbata ba da mugunta ka yi ba. Na san ka faɗa ne ranar farko don ka huta da tambaya, ka ce a ranka za ka haɗa a ƙarshen mako kafin ya ankara, ƙarshen makon ya zo da nasa aikin. Na san ka, tare muka tashi. Amma sanin bai rage min ɓacin rai ba ko kaɗan.

Abokansa sun yi iya ƙoƙarinsu. Saura su uku yanzu a cikin waɗanda ka sani, kuma wanda ya fi zuwa shi ne Mai Agogo, mai shagon gyaran agogo na ƙasan gadar jirgi, wanda babban yatsansa ya sandare tun haɗarin babur. Ya ɗauki rediyon ya kai gidansa ya gwada, ya dawo ya ce yana ji yana aikawa, babu abin da ya same shi sai wahalar da mai shi ya ba shi. Ya ce shi ma ya zauna da nasa a kan zangon nan safiya da yawa bai ji kowa ba. Ya faɗa a hankali, yana kallon ƙasa, cewa ko za a sake tambayar yaron. Baba ya ɗaga murya, abin da ban saba ji ba. Ya ce gidan Mai Agogo a rami yake tsakanin dogayen benaye, ko tsawa aka yi ba zai ji ba, kuma ɗansa ya ce yana kira, magana ta ƙare. Mai Agogo ya sha shayinsa ya tafi, bai sake tayar da zancen ba.

Daga nan Baba ya jona babban rediyonsa a kan zangon, shi ma shiru. Sai ya zauna ya yi lissafi irin nasu. In rediyo biyu ba sa ji, to a duba abin da suka haɗa, kuma abin da suka haɗa shi ne eriya da wayar da ta sauko daga sama. Ya ce ruwa ne ya shiga mahaɗin da ke jikin sandar kusa da tankin ruwa. Na ce ya jira Baban yara ya dawo ya hau masa, ya ce to. Na tafi shago. Ashe to ɗin ta sallama ce. Matar da ke hawa na biyu ce ta je shanya da hantsi ta same shi a kwance a kan matakalar ƙarfe ta ƙarshe, ƙafa ɗaya ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, sukundireba a hannunsa bai saki ba. Ta ce bai yi ihu ba, abin da ya fara ce mata shi ne ta taimaka ta ɗauko masa tef ɗinsa da ya gangara. Bayan kwana biyu abokansa suka hau suka kwance mahaɗin. A bushe yake, tas, kamar ranar da aka ɗaura shi.

Muna asibiti ne na ce bari in nemo abin da zai faranta masa. Na aika wa Anti saƙo na ce ta ɗauko min hoton rediyon da ka haɗa in nuna masa. Baiwar Allah ba ta san komai ba, kada ka yi mata faɗa. Ta ce ko kwalin nan nake nufi, ta turo min hoto. Yana saman kabad ɗinku, tsakanin akwatin tafiya da fankar da kuke ajiyewa sai lokacin zafi. Tef ɗin ruwan ƙasa da na taya Baba mannawa yana nan ba a yanka ba, ga rubutunsa a gefe inda ya ce a riƙe da hankali. Ina tsaye a layin karɓar magani na gani. Sai da na bar layin na je na zauna a benci. Na goge hoton kafin in koma ɗakin, na ce masa Anti ba ta iya ɗaukar hoto ba, duk ya yi duhu.

Da muka dawo gida abin da ya fara nema rediyon ne. Mai Agogo ya gyara wuraren da suka ƙone da 'yan guntayen waya, shi da sauran abokan Baba suka zaro wayar eriya ta tagar ɗakin kwana, muka ɗora masa a kan tiren abinci a gefen gado. Murfi a kai, ba noti. Kowace safiya sai in tayar da shi da matasai, in sa masa abin kunne, ya kira, ya saurara har ya gaji. Yanzu kuma ya koma cewa wataƙila dutsen da ya sa a kwalinka ba irin nasa ba ne, idonsa ne ya ruɗe shi wajen karanta lambar, ya sa ka wahalar banza. Ko a kwance laifin bai bar teburinsa ba.

A matakala na tare Mai Agogo na gaya masa abin da na gani. Bai yi mamaki ba, ya ce ya daɗe da sani. Sannan ya ce akwai abin da zai iya yi, ko da yake laifi ne a harkarsu wanda in aka kama mutum lasisinsa ya tafi. Zai zauna a gidansa ya rage ƙarfin rediyonsa ƙasa sosai yadda zai yi kamar daga nesa yake, ya kira da lambarka, ya gaida Baba, ya ce sararin yana rufewa, ya kashe. Ya ce shekara arba'in bai taɓa aron lambar wani ba, amma ba zai iya ci gaba da kallon wannan abu ba. Na ce masa ban ce a yi ba, ban ce kada a yi ba. Ya ce ya gane.

Ranar Talata ce, gari ya waye da ɗan yayyafi. Na sa masa abin kunne kamar kullum, na zauna a bakin gado ina yanke masa farce a ɗaya hannun. Ya kira, ya saurara. Sai na ga ya riƙe numfashi. Ƙarar tana fitowa kaɗan ta gefen abin kunnen, siririya, ni ma ina jin ta. Fuskarsa ta buɗe, Yaya, ban ga wannan fuskar ba tun Umma tana da rai. Ya fizge hannunsa daga nawa ya dafe abin kunnen da kyau. Bai fi a ce an ƙirga goma ba. Sai na ga fuskar tana komawa a hankali, kamar an zare wa fitila waya. Bai yi fushi ba. Ya bari aka gama, ya kai hannu kan madanni ya amsa, a natse, ba kuskure, sannan ya cire abin kunnen ya miƙo min ya ce in kashe, batir yana ƙarewa.

Da yamma Mai Agogo ya zo bai shiga ɗakin ba, ya tsaya a kicin idonsa jawur. Na tambaye shi me Baba ya aika masa. Ya ce Baba ya kira shi da lambarsa ta gaskiya, ya ce ya gode, ya tambaye shi ya gwiwa, ya ce ya gaida iyali. Ashe kowa da hannunsa a kan madanni, kamar yadda kowa yake da muryarsa. Mai Agogo yana jan dogayen saboda yatsansa, kuma shekara arba'in Baba yana jin wannan jan. Kai kuwa, in ji Baba tun kana yaro, kana bugawa kamar wanda aka biyo, baƙaƙen suna hawa kan juna. Mai Agogo ya ce ya yi kwana uku yana koyon sauri don ya yi kama da kai, amma yatsan ya ƙi. Ya ce ga shi kuma ƙarar nesa tana hawa tana sauka, tasa kuwa ta tsaya cak, ya manta da wannan gaba ɗaya. Ya ce shi wawa ne, na ce ba shi ne wawan ba.

Baba bai tambaye ni komai ba, har yau. Bai ambaci sunanka ba a ranar, bai kuma ce an yaudare shi ba. Amma mutum ne mai bin matsala daki-daki, kuma na ga lissafin yana tafiya a idonsa. In abokinsa na shekara arba'in ya yarda ya ari lambar wani, to ya san babu mai kira a can. Rediyon ya ji ƙaramar ƙara daga ƙetaren gari sarai, ke nan yana ji. Teburinsa ya wanku. Abin da ya yi wata da watanni yana nema ya samu, kuma na so a ce bai samu ba.

Washegari da na kawo shayi ya ce in ɗauko masa ɗan gwangwanin da ke kan teburinsa da ƙaramar sukundireba mai jan kai. Na ce me zai yi da su, ya ce ƙura tana shiga rediyon. Na tsaya ina kallo ya daidaita murfin da tafin hannu, yana lalubar ramin da yatsa. Noti na farko ya ɗauke shi lokaci mai tsawo, na biyu ya faɗi a bargo sau biyu ina tsinto masa. Ya ɗaure na uku yana haki, gumi yana bin wuyansa. Ka san abin da ɗaurin murfi yake nufi a gidan nan, kuma ka san ba a taɓa yin sa a kan shiru ba. Da ya laluba gwangwanin zai ɗauki na huɗu, babu. Ya ce in duba ƙasan gado. Na durƙusa na duba, na ce ban gani ba. Yana cikin tafin hannuna, na matse shi har ya yi min shaida.

Tun ranar bai sake neman abin kunne ba. Ya sa na juya rediyon ya kalli bango. Abinci sai Gwaggo ta yi da gaske yake karɓar cokali uku. Ranar Lahadi da ka bugo ka lura bai tambaye ka ko kana kira ba, ya tambaye ka yara da sanyi kawai, kai kuma na ji muryarka ta saki kamar an sauke maka kaya. Wannan ma ya ƙona min rai. Ni dai duk safiya bayan shayi ina juyo da rediyon in kunna, in jona ƙaramar lasifikar da Mai Agogo ya kawo, in ce ina son ƙarar iskar ne tana taya ni ninke kaya. Ya rufe ido ya yi kamar yana barci. Ba barci yake ba, na san numfashinsa na barci.

Ga abin da nake roƙon ka, kuma ban taɓa roƙon ka komai ba tun da ka tafi. Kada ka bugo ka ba shi haƙuri, zai ce babu komai, kuma maganar ta mutu ke nan har abada. Kada ka turo masa hoto. Ka sauko da kwalin nan ka yanka tef ɗin. Mai Agogo ya ce mai hannu irin naka zai gama a hutun ƙarshen mako biyu, in ka maƙale ka kira shi a kowane lokaci, lambar wayarsa tana bayan takardar nan. Ya ce ƙarfen liƙi da dalma ana samun su a kowane shagon kayan lantarki, kuma waya doguwa daga taga zuwa bishiya ta isa. Ya ce ba lallai a ji ka ranar farko ba, ƙaramin rediyo ne kuma nisan da yawa, sai ka yi ta kira kullum, wato abin da ka ce kana yi. In hannunka ya manta, ka buga haka nan da kuskurenka. Ba gwaninta yake jira ba, saurin nan naka zai gane. Ban san ko akwai mako biyun ba, likita bai yi min alkawari ba, ni ma ba zan yi maka ba.

Ka gaishe min da Anti da kyau, ka ce mata na gode, kuma ba ta yi laifin komai ba. Ka shafa min kan yaran, ka ce gwaggonsu tana ɗinka musu riguna, in sun yi musu yawa su girma a ciki. Gwaggo tana gaishe ka, ta ce ka rame a hoton da ka turo. Baban yara yana gaisuwa, yarana duka suna gaida kawunsu. Mai Agogo da sauran abokan Baba sun ce a gaishe ka. Baba bai san ina rubutu ba, saboda haka ban sa gaisuwarsa ba, ba na son in ƙara wata maganar da bai faɗa ba a kan waɗanda ke tsakaninku. Allah ya ba shi sauƙi, ya sa kaffara ne, ya tsare ku a inda kuke.

In ka ji wani abu mai tauri a kusurwar ambulan, kada ka jefar, na naɗe shi a ƙyalle na manna da tef. Kullum sai ya tambaye ni ko na ga notin nan, in ce ina nema. Jiya ya ce in bar wahalar da kaina, in gaya wa Mai Agogo ya kawo masa wani, irinsa ba ya wuyar samu. Mai Agogo ya ce masa zai duba a shago, kuma ya ce min zai yi ta mantawa iya yadda zai iya, amma Baba ba yaro ba ne.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,

Auta